ƊAKI DON ZAMA KO DON KALLO?

Gabatarwa

Tun kafin Allah ya nufe ni da shigowa wannan sashe namu na nazarin Hausa, sana'ata ita ce jere da adon ɗaki, kuma har gobe da ita nake sayen littafi da biro. Na fara ta ne ina ƙaramar yarinya, ina riƙe wa gwaggona kwando idan an kira ta jeren amarya a nan Dundaye, ko Kwalkwalawa, ko sauran ƙauyukan da ke maƙwabtaka da jami'a. Yau kuwa ni ake kira, in auna ɗaki, in ba da shawara a kan launin fenti da labule, in tsaya a kan kafintoci har su gama ɗaura gado. Don haka abin da mai karatu zai gani a wannan ɗan rubutu ra'ayi ne na wadda ta shiga ɗakunan mutane da dama, ta ga yadda suke ranar biki, ta kuma koma ta ga yadda suke bayan 'yan biki sun watse.

Ra'ayin nawa a taƙaice shi ne, mun mai da ɗaki abin kallo na yini guda, alhali kuwa mutum zai rayu a cikinsa shekara da shekaru. A wurina kyawun ɗaki shi ne ya dace da mai shi, ya kuma dace da ƙasar da aka gina shi a cikinta. Duk adon da ya rasa waɗannan abubuwa biyu, komai tsadarsa, wahala ce aka shafa wa fenti.

Ɗakin da ya kori mai shi

Wata bazara, cikin watan Afrilu, aka kira ni jeren wata yarinya da aka kawo wani gida a bakin gari. Ɗaki ne ciki da falo, ginin bulo, rufin kwano. Uwar ɗakin ƙafa 12 ce tsawo, 12 faɗi, da taga guda ɗaya tak. Kayan da aka sauke daga mota kuwa su ne gado mai ƙafa 6 ta kowace fuska, da durowar tufafi mai ƙofa huɗu, da madubi da teburinsa. Na falo kuma saitin kujerun kushin ne, da kabad na gilashi cike da tangaran. Na auna, na sake aunawa, na ga babu bangon da zai ɗauki durowar nan sai wanda tagar take jikinsa. Sai na ce wa uwar amarya, "Inna, in muka kafa wannan a nan, mun toshe taga. A bar ta gida tukuna, ko a mayar a karɓo ƙarama." Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, ke dai kafa. In dangin miji sun zo ganin ɗaki ba su gan ta ba, mi zan ce musu?" Na kafa, kuma ba zan wanke kaina ba, domin na karɓi kuɗin aikina cif.

Ranar ganin ɗaki mata suka yi ta guɗa, suna ɗaukar hoto da waya. Bayan 'yan makonni hanya ta biyo da ni gidan da rana tsaka, na tarar ɗaki a rufe, amarya tana tsakar gida ƙarƙashin dogonyaro, a kan tabarmar kaba ta uwar mijinta. Ta ce mini daga hantsi har bayan isha'i ɗakin ba ya shiguwa don zafi. Kujerun kuwa an lulluɓe su da zannuwa saboda ƙura, ba mai hawansu sai baƙo. A nan ne kuma na ji cewa sai da mahaifinta ya jinginar da fadamarsa, inda yake noman shinkafa da albasa, kafin ya haɗa waɗannan kaya. Watau an ba da gonar da ke ciyar da gida, an sayo ɗakin da ya kori mai shi. Tun ran nan nake tambayar kaina, shin wa muke yi wa jere, amarya ko 'yan kallo?

Jeren da da hikimarsa

Kada wani ya zaci son ado baƙon abu ne ga Bahaushiya. Tun can asali tana jere. Da fari ƙwarya ce mai zane, da faifai, da akushi, a jera wasu, a rataya wasu cikin ragaya. Masu hali suka riƙa ƙarawa da tasoshin tagulla irin na Bida. A cikin ƙarni na 20 kwanoni masu fenti suka shigo daga ƙasashen waje, daga baya aka riƙa ƙera su a nan Nijeriya, sai langa da fanteka da samira suka ture ƙwarya. A wasu garuruwa har farantai ake mannawa a jikin bango da rufi. Gado ma haka ya yi ta sauya kama: daga gadon kara da gadon ƙasa, wanda tsofaffi kan zuba wa garwashi a ƙarƙashi lokacin hunturu, aka koma gadon ƙarfe mai rumfa, aka zo na fomeka, har aka iso ga na yau da ake kawowa daga Turkiyya da Sin da Dubai, ko kafintocinmu su kwaikwaya. Ashe ke nan sauyi ba yau ya fara ba, kuma gasa tsakanin mata ita ma tsohuwa ce.

To, in haka ne, me jeren da ya fi na yanzu da shi? Na ga abubuwa uku. Na farko, jeren da bango yake bi ya yi sama, ya bar tsakar ɗaki fili. A wannan fili ne mace ke salla, ta shimfiɗa tabarma ta ci abinci da 'ya'yanta, ta yi kitso, ta karɓi baƙi goma ba tare da an ce wani ya tashi ba. Gwaggona takan ce in ta gama jere sai ta tsaya tsakiyar ɗaki ta buɗe hannuwanta ta juya, in ta taɓa wani abu to jere bai yi ba.

Na biyu, jeren da dukiya ne. A al'adarmu kayan ɗaki na mace ne, ba na miji ba, ko aure ya mutu da abinta take fita. Kwanonin nan da ake gani a jere asusu ne. In rashin lafiya ta zo, ko fari, ta zare biyu ta sayar. In 'yarta ta isa aure, ta sauke rabi ta wanke ta jera mata. Kuma ba a rana ɗaya ake tara su ba. Tun yarinya tana ƙarama uwa ke sayen ɗaya yau, ɗaya wata mai zuwa, daga ribar sana'a da kwasar adashi da gudummawar biki, har sannu sannu a cika ɗaki ba a ci bashin kowa ba. Kayan yau fa? Yawancinsu da allon garin katako ake yin su, wanda aka matse da gam aka liƙa wa takarda mai sheƙi. Ranar da aka fito da su daga shago, ran nan darajarsu ta fara faɗuwa. In an kwance su sau biyu ƙusa ta daina kamawa, in ruwa ya taɓa ƙafarsu su kumbura su ruguje. Ba na jin akwai uwar da za ta iya ajiye irin wannan gado shekara 18 ta ba 'yarta.

Na uku, jeren da yana ɗaukuwa. Mu da muke zaune a bakin gulbin Rima mun san amfanin wannan. A watan Satumba na 2010 ambaliya ta ci ƙauyuka da gonaki a wannan yanki, har ta yanke hanyar da ta haɗa jami'a da cikin gari. A irin wannan rana kwano da tabarma da tufafi sukan shiga buhu a aza a kai. Durowa mai ƙofa huɗu kuwa sai dai a yi mata sallama.

Ginin da ya san ƙasarsa

Ado ba ya gyara ɗakin da aka gina ba daidai ba, don haka dole in taɓa gini. Kowa ya san Sakkwato. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi yakan haura digiri 40, daga Disamba zuwa Janairu kuma hunturu ya zo da sanyi da ƙura. Maginan da sun san wannan sarai, kuma kusan kowane abu da suka yi amsa ce ga yanayi. Bangon tubali mai kauri a hankali yake shan zafin rana, kafin zafin ya ratsa zuwa ciki dare ya yi, sai ya riƙa sakinsa lokacin da gari ya yi sanyi. Shi ya sa soro yake da sanyi da rana, da ɗumi da asubar hunturu. Kwano kuwa da rana ta taɓa shi nan take yake miƙa wa na ciki, bulo mai rami shi ma ba ya riƙe komai. Taga ƙarama ce a sama, don iska mai zafi ta fice, ƙura da idon mai wucewa kuma kada su shigo. A bakin ƙofa asabari ne, mai barin iska ta wuce ya tare haske. A lungu ga randa, wadda ke tsattsafo ta jikinta, iska na busar da shi ruwan ciki na yin sanyi, ba ruwanta da ɗauke wuta.

Kayan aikin ma duk daga ƙasar suke. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika cinta ba. Da yake ba ta ɗaukar nauyi in tazara ta wuce kimanin ƙafa 6, sai magina suka koyi ɗora ta kan juna daki-daki suna lanƙwasawa, daga nan aka sami bakan gizo da ɗaurin guga da tulluwa. Dubi wannan da kyau: adon da ya fi kowane kyau a rufin soro, gajartar azara ce ta haife shi. Makuba daga kwasfar ɗorawa take, laso kuma haɗi ne na katsin marina da gashin jima da dafara, duk don kada ruwa ya ci bango. Ko zanko da indararo da zanen dagi a fuskar gida, a kan ginin da ya riga ya biya bukata ake ƙara su. Shi ma tsarin gida haka yake. Zaure na baƙi ne da hirar maigida, shigifa ta tsare mutuncin cikin gida, tsakar gida kuma ita ce babban ɗaki, inda ake daka da girki da wanki da renon yara, a kuma kwana cikin bazara. Gidajen haya da ake ginawa yanzu kewaye da jami'a da yawansu sun cinye tsakar gida don a ƙara ɗaki ɗaya na kuɗi, sai rayuwar da aka saba yi a fili ta koma cikin akwatin siminti.

Wanda ke ganin ginin ƙasa aikin rashin sani ne, ya tuna da Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Masana gine-gine sun sha zuwa kallon bakan gizon da ya ɗaura, kuma an gina kwatankwacin masallacin a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Da ƙasa da azara ya yi wannan aiki.

Abin da za a ce mini

Na san za a ce, ke da kike jami'a kina so ki mai da mu zamanin jiya? Za a ce ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, kuma in ruwa ya kwanta a gindinsa narkewa yake yi, kamar yadda aka gani a 2010. Za a ce giginya ta yi ƙaranci, ƙwararrun magina sun tsufa, 'ya'yansu sun koma aikin bulo. Za a kuma ce ba uwar da za ta yarda 'yarta ta zama abin gori a gidan miji. Duk wannan gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Siminti ba abokin gabarmu ba ne, a ƙasarmu ma ake yin sa, domin masana'antar Kalambaina tun 1967 take fitar da shi. Abin da nake ƙi shi ne mu ɗauka cewa zaɓi biyu kawai gare mu, ko soron kaka yadda yake, ko gidan da aka zana don ƙasar da ake ƙanƙara.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna akwai hanya ta uku. A garin Yama, cikin jihar Tawa, wani magini Bahaushe mai suna Falke Barmu ya fara ginin masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, ya yi ta ƙara masa fasali, har ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986, wadda ake bayarwa ga fitattun gine-gine na duniyar Musulmi. A garin Dandaji kuma, a 2018, wata masaniyar zanen gine-gine 'yar Nijar, Mariam Kamara, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, sun gyara tsohon masallacin ƙasa na garin suka mai da shi ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci a gefensa da tubalin ƙasa wanda ake matsewa da inji, kuma da maginan wurin suka yi aikin. In an iya wannan a ƙauyukan Hausawa da ke arewa da mu, me zai hana a Dundaye a yi tushe da dutse da siminti don tsoron ruwa, a ɗora bango mai kauri na ƙasa don tsoron rana?

Maganar gori kuwa, ita ce mai wuya, domin ba a jikin bango take ba, a zukatanmu take. Amma mu ne 'yan ganin ɗakin. Bakin da ke cewa "ba a yi mata komai ba" namu ne, mu mata, da mu da iyayenmu. Yau mu ne masu gori, gobe mu za a yi wa. Iyaye nawa ne ke ɗaga bikin 'ya'yansu daga wannan kaka zuwa waccan, ba don an rasa miji ba, sai don ba a haɗa kayan ɗaki ba? Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki, sun kuma ce kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa, watau wanda ya biye wa idon jama'a shi ke kwana da bashi.

'Yan shawarwari

Ga abin da nakan faɗa wa duk wanda ya kira ni yanzu, in ya ƙi ji in ce ya nemi wata. A auna ɗaki kafin a je kasuwa, domin ɗaki ne zai faɗi girman gado. Kada a toshe taga ko da me, in ma da hali a fasa ta biyu a bangon da ke fuskantarta don iska ta sami mashiga da mafita. In rufin kwano ne, kuɗin kujera ɗaya ya isa a fara sa silin, kuma ya fi kujerar amfani. A shafa fenti mai haske a waje, a kafa rumfa a bangon yamma, a dasa itace a tsakar gida tun ranar da aka sa rana. A bar fili a tsakar ɗaki wanda zai ɗauki tabarma da mutum huɗu. A rage labule mai nauyi da kafet mai gashi, domin a garin hunturu rumbun ƙura ne, masu ciwon ƙirji su suka san haka.

Wajen ado kuma a waiwayi abin da ke hannunmu. Sakkwato garin jar fata ne. Fatar jar akuyarmu tun da daɗewa fatake ke ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko don ta can take isa gare su. Abin kunya ne a ce ɗakin Basakkwatiya cike yake da kujerun ledar roba mai ɓarewa cikin shekara biyu, babu tumtum ko ɗaya na dukawan garinsu. Tumtum biyu, da tabarma mai kyan saƙa, da faifai masu launi a bango, da randa a lungu, sun isa su sa ɗaki ya yi kwarjini, kuɗin kuma ya tsaya a hannun baduku da masaƙa da maginan tukwane na kusa da mu. Abin da ya rage daga kuɗin kayan ɗaki a saya wa yarinya abin da zai zama nata na gaske, kamar tunkiya, ko keken ɗinki, ko 'yan kunnen zinariya, ko a biya mata kuɗin makaranta. Wannan shi ne ya gaji kwanon jere a ma'ana, ba durowa ba.

Kammalawa

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai. Wannan jami'a an kafa ta a 1975, ta karɓi sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, kuma shekarun nan duka muna wucewa ta gaban gidajen Dundaye safe da yamma. Amma mu nawa ne muka taɓa tsayawa muka tambayi tsohon magini bambancin makuba da laso, ko muka zauna da tsohuwa ta lissafa mana sunayen kwanonin jere da yadda ake ɗora su? Waɗannan kalmomi suna mutuwa tare da masu su, kuma in kalma ta mutu dabarar da ke cikinta ita ma ta tafi. Ga mai neman batun kundin digiri, ga shi nan a ƙofar makaranta, ba sai ya shiga mota ba.

Ni dai abin da sana'a ta koya mini shi ne, ba ranar biki ake gane kyawun ɗaki ba. A je da azahar a watan Afrilu, shekara guda bayan an watse. In an tarar mai ɗaki tana ciki, ta miƙe ƙafa, jaririnta na barci a gefenta, mahaifinta kuma yana fadamarsa yana ban ruwa, to jere ya yi kyau. Allah ya sa mu gane, ya kuma ba 'yan matanmu ɗakunan da za su zauna a ciki lafiya, amin.